Inda filin Ebbets yake a da

Jiya bayan La'asar wani dattijo maƙwabcina a nan Brooklyn, cikin birnin New York, ya ja ni zuwa titin Bedford, ya nuna min wasu dogayen gidajen bene. Ya ce, "Ɗana, nan filin Ebbets yake kafin a rushe shi a 1960." Muryarsa har rawa take.

Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, besbol bai taɓa shiga raina ba. Amma labarin kakar 1947 ta Dodgers, ƙungiyar besbol ɗin da Ebbets ne filinta a lokacin, ya hana ni barci. Ranar 15 ga Afrilu, Jackie Robinson ya shiga filin nan da lamba 42 a bayansa, bayan an shafe shekara fiye da 60 ba a barin baƙar fata ya taka babbar gasar besbol ta Amurka. Shugaban ƙungiyar, Branch Rickey, ya sa shi ya yi alkawarin ba zai rama zagi ba. Aka zage shi, aka aiko masa da wasiƙun barazana, wasu otal-otal suka ƙi ba shi masauki. Mutum mai zuciya, amma ya haɗiye. Wallahi wannan haƙurin ya fi komai tsaya min a rai.

Dodgers suka ci wasa 94, suka ɗauki kambun gasarsu, shi kuma ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa. A jerin wasannin ƙarshe na fitar da zakaran ƙasa, ƙungiyar Yankees ta New York ta doke su, ta ci wasa 4, su kuma 3.

Dattijon ya ce mahaifinsa ya yi kuka ranar. Muka tsaya shiru har aka fara yayyafi.