Takardar jinin jikan Inna

Talata, Tawa. Ranar awo da allurar sati 10, benci cike tun ƙarfe bakwai.

Inna ta tare ni bakin ƙofa da takardar labo, ɗiyarta na biye da goyo. "Ɗiyata, duba mini, an ce jikana ba shi da jini." Emogulobin, wato awon ƙarfin jini, 10,5, a gefe an buga 12 zuwa 16. Wannan ma'aunin manya ne, kuma shi ya hana su barci.

Na ɗora yaron kan sikeli. An haife shi da kilo 3 da giram 100, yau kilo 5 da 300, wajen giram 30 ke nan kullum. Tafin hannu ja, cikin ido ja, yana tsotso da ƙarfi, fitsari fiye da sau shida a yini.

Na ce, Inna, kowane jariri haka yake. Yana zuwa duniya da jini mai kauri, 14 zuwa 20, don iskar da yake samu cikin ciki kaɗan ce. Da ya fara numfashi sai ɓargo, mai yin jini, ya rage aiki. Jajayen ƙwayoyin jininsa kwana 60 zuwa 90 suke yi, na babba 120, ga jiki na girma da sauri. Tsakanin sati 8 da 12 sai ya sauka zuwa 9 ko 11, ya tashi da kansa. Sinadarin ƙarfen da ke cikin tsofaffin ƙwayoyin, wanda jiki ke yin jini da shi, bai ɓata ba, jiki ya ajiye shi, yana kai yaro wajen wata shida. Daga nan kunu da hanta, ƙwai, wake. Bakwaini daban ne, shi ana ba shi maganin ƙarin jini da wuri. In an ga ƙasa da 9, ko zazzaɓi, ko ƙin nono, ko tafi ya yi fari, a kawo shi ranar.

Ta yi shiru, sai ta ce, "To ruwa fa, da wannan zafin?" Nan raina ya ɓaci. Nono kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. Ruwan randa na cika masa ciki ya rage tsotso, ya kawo zawo, in ya yi yawa ya tsinka gishirin jini har yaro ya yi jijjiga. Ta ce ta ji. Ɗiyar ba ta ɗaga kai ba, kuma na san ba ita ke da magana a gidan ba.

Tuwon dare ya ƙi shiga. Sai allurar sati 14 za su komo.