Rage kuɗin ɗinki ya kusa rufe mini shago

Ƙannena masu shirin buɗe shagon ɗinki a Kaduna, ku tsaya ku ji inda na yi tuntuɓe.

Da maigidana ya yaye ni, sai na kama shago a Tudun Wada, a layin da teloli suka yi yawa har mutum yakan leƙa shago uku kafin ya ajiye shaddarsa. Dabarar da ta faɗo mini ita ce araha. Duk abin da maƙwabcina ke karɓa a kan kaftani, ni sai in zaftare masa kashi ɗaya cikin uku. Kaya suka taru, ba masakar tsinke a shagon, na ɗauka na kama kasuwa.

Goman ƙarshe na azumi suka tona mini asiri. Ina ta karɓar yadi ina cewa gobe in Allah ya yarda. Daren sallah wani dattijo ya shigo da ɗansa, yaron na riƙe da sabuwar hula, shaddarsu kuwa tana cikin leda, ko almakashi bai taɓa ta ba. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, da ka ce ba za ka iya ba, da na gode maka." Ya ɗauki ledar suka fita. Har yau idan na tuna fuskar yaron nan zuciyata takan sosu.

Sai kuma aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar fetur ta haura naira 500, janareta ya koma cin ɗan abin da ya rage mini. Da na ɗan ƙara kuɗi, waɗanda araha ta kawo duk suka watse, don ba aikina suke bi ba tun asali.

Abin da ya ɗaga ni littafin awo ne. Na lura da ma'aikatan da ke aiki a Abuja, iyalinsu na Kaduna, suna sauka jirgin ƙasa a Rigasa ranar Juma'a su koma Lahadi ko Litinin da sassafe. Ba su da lokacin zaman jiran tela. Na rubuta awon kowa, har da wanda ke son wuya ya ɗan saki da wanda ba ya son aljihun gaba. Mutum ya aiko da yadi ranar Litinin, Asabar ya tarar da kayansa a goge. Na kuma ƙayyade abin da zan iya ɗinkawa a mako, na wuce haka sai in ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, sai mako mai zuwa."

Faɗin hakan da wuya, musamman ga mai sabon shago da kuɗin haya a wuyansa. Amma ku koyi faɗinsa tun yanzu. Wanda na fara mayar wa da yadinsa ya ji haushi ƙwarai, bayan wata biyu sai ga shi da abokan aikinsa uku, kuma ko ɗaya a cikinsu bai nemi ragi ba.