Godiya bayan addu'ar bakwai ta Baba

Alhamdu lillahi. Jiya aka yi addu'ar bakwai, baƙi sun watse, an mayar wa masallaci tabarminsa, sai yau na samu zama. Ba sai na maimaita ba, kuna tare da mu tun azumi da aka fara yi wa Baba wankin ƙoda.

Rana ɗaya ce ta ƙi barin raina. Likita ya kira ni da Yaya ofis, ya tura ƙofa, ya kife wayarsa a kan tebur. Ya ce wankin nan na awa 4, sau 2 a mako, jikin Baba ya daina ɗauka: da an jona shi sai jininsa ya sauka, zuciyar ta gaji. In mun so a ci gaba za a ci gaba, amma ba sauƙi za a samu ba. In an tsaya kuma, kwanaki ne, mako ɗaya ko biyu. Gwiwata ta yi sanyi. Na ce, "Likita, in muka ce a daina, ba mu muka kashe shi ba?" Bai yi gaggawar amsawa ba. Can ya ce, "Shi Baba kun tambaye shi?"

Kunya ta rufe mu. Wata uku muna yanke shawara a kansa a barandar asibiti, mai jikin yana kwance da hankalinsa.

Baba ya ce a mai da shi Unguwar Rogo, ya riƙa jin kiran sallar masallacinsu. Likita ya ɗage masa dokar abinci, ya sha gwaten acca, ya ci dankalin turawan da aka hana shi. Kwana 9 ya yi.

Sista ta dare, kin ce kada in ambace ki, ki yi haƙuri. Ke ba Musulma ba, amma ke kika tambaye ni ina alƙibla, kika juya gadon da hannunki. Kin koya wa Umma jiƙa masa leɓe da auduga, kin ce mu riƙa yi masa magana ko ya yi shiru. Ƙarfe 2 na dare, ana tsuga ruwa, numfashinsa ya sauya, na kira ki kika ɗauka. Kika ce, "Kada ku taso, ku zauna kusa da shi." Da haka Yaya ya samu ya laƙƙana masa kalmar shahada.

Malam Liman, Kawu da ya kwana a ƙasa, samarin layinmu da suka haƙa kabari cikin taɓo, Allah Ya biya ku, Ya jiƙan magabatanku, Ya ba ku masu tsaya muku ranar da ƙarfi ya ƙare. Masu bugo waya daga Abuja suna cewa a fita da shi Indiya, mun ji shawara. Allah Ya ba ku ikon zuwa arba'in.

Umma ta shiga takaba, ku sa ta a addu'a.