Wasiƙa daga Ostireliya: kwana shida a hanyar Oodnadatta

Assalamu alaikum jama'ar gida, iyaye da yayye da abokan arziki. Da fatan damina ta sauka lafiya, ya gona ya yara. Mu nan hunturu muke ciki, domin watan Yuli a ƙasar nan shi ne tsakiyar sanyi, kuna fama da ruwa da laka mu kuma muna neman rigar sanyi. Wancan satin na dawo daga wata tafiya cikin dajin tsakiyar ƙasar, wanda su suke kira Outback, kuma tun da na dawo abin bai bar raina ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuto muku.

Mu uku ne. Ni da wani ɗan uwa ɗan Ghana da muke aiki tare, sai maƙwabcina Bature wanda shi ne mai motar, Land Cruiser mai fowil, kuma shi ne madugunmu don ya sha bin hanyar. Tun kafin mu bar birnin Adelaide ya zaunar da mu kamar 'yan makaranta. Jarkokin ruwa ya raba su kashi kashi, wai ko ɗaya ta fashe kar a rasa duka. Safaya biyu, jak, shebur, famfon iskar taya, dizal a jarka, rediyon oba-oba, da wata ƴar na'ura kamar ƙaramar waya wadda in ka shiga halin mutuwa ko rayuwa ka danna ta sai tauraron ɗan adam ya kai saƙo ga masu ceto da ainihin inda kake. Sannan ya rubuta wa matarsa a takarda inda za mu kwana kowane dare da ranar da za mu fito, yace mata in ranar ta wuce bata ji mu ba ta kira 'yan sanda. A lokacin na ɗauka tsoro ne kawai irin nasu.

Mun bi ta Port Augusta muka yi arewa har Marree, a nan kwalta ta ƙare. Daga nan hanyar Oodnadatta ta fara, kusan kilomita 620 har Marla, ba kwalta sai burji da tsakuwa da gargada irin wadda ke sa haƙoran mutum kaɗawa. Madugu ya tsaya ya rage iskar tayoyi duka huɗu kafin mu shiga, yace taya in ta yi tauri dutse yanka ta yake kamar wuƙa.

To amma a Marree ne abin ya fara taɓa ni. Garin ɗan mitsitsi ne, iska da ƙura, tsofaffin kawunan jirgin ƙasa a ajiye suna tsatsa. Sai ga wani ɗan gini na ƙasa, katangarsa bata kai ƙirji ba, an kafa itatuwa an ɗora rufin ciyawa, wallahi da a ƙauyenmu na gan shi ba zan ma waiga ba don irinsa ne muke sallah a ciki a bakin kasuwa. Masallaci ne. An sake gina shi ne a kan siffar na farko, wanda masu raƙuma Musulmi suka gina a ƙarni na 19. Turawa ne suka ɗebo su tun wajen 1860 daga Afganistan da Balucistan da Panjab da Sind, duk aka haɗa aka kira su Afghan, saboda doki da sa basa iya wannan dajin sai raƙumi. Su suka yi dakon kayan wayar tangaraho da aka gama a 1872, su suka yi dakon kayan layin dogo, su ke kai gari da shayi da sukari rugagen Turawa su dawo da gashin tumaki. Jirgin ƙasan da ke ratsa tsakiyar ƙasar har yau The Ghan ake ce masa, don tunawa da su. Yawancinsu sun zo ba mata ba iyali, a bayan gari aka ware musu unguwa, daga 1901 kuma dokar fifita farar fata ta rufe musu ƙofa, da motoci suka zo aka daina buƙatarsu sai da yawa suka saki raƙuman a daji, jikokin raƙuman nan ne suke yawo a ƙasar yanzu ba mai su.

Na yi alwala da ƴar butata na shiga na yi raka'a biyu, ina fuskantar yamma, don mu nan alƙibla yamma take ta ɗan karkata arewa, ba gabas ba. Ina zaune a kan ƙasar nan kakana kawai nake tunawa, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi fatauci yana tarar ayarin Buzaye masu kawo kantun gishirin Bilma, yana bamu labarin zango da salka da yadda madugu ke karanta taurari. Mutanen nan da na tarar da sawunsu a ƙarshen duniya irinsa ne sak. Kuma masallacin da nake Juma'a a Adelaide, wanda aka gina a 1888 zuwa 1889, da kuɗin guminsu aka gina shi, shekara nawa ina shiga ban taɓa tsayawa na yi musu addu'a ba sai ranar.

Gaba kaɗan muka hango Kati Thanda, tafkin Eyre, fari fat da gishiri iya ganinka, nan ne wuri mafi kwari a duk ƙasar, kusan mita 15 ƙasa da teku. Mutanen Arabana ne masu wurin tun kafin zuwan Bature kuma yana da girma a wajensu, daga baki muka tsaya bamu taka ba. Dare na farko a Coward Springs muka kafa tanti, inda ruwa mai ɗumi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, ga bishiyoyin dabino. Irin waɗannan idanun ruwa a jere suke a hanyar, su 'yan asalin ƙasar suka bi shekaru dubbai, su masu raƙuma suka bi, su jirgi ya bi. Da rana ƙuda ba'a magana, har baki da ido, sai da muka rufe fuska da raga. Da dare kuwa sanyi kamar tsakiyar hunturun Damagaram ko ya fi, muka hura wuta na dafa mana shayi mai kauri da citta, da asuba na fito alwala ruwan buta kamar ƙanƙara, na ɗaga kai sai ga kaza da 'ya'yanta can ƙasa ƙasa wajen arewa maso gabas, yadda nake ganinta a gida ina yaro.

William Creek gida ne ƴan ƙalilan da gidan mai da filin saukar ƙananan jirage, a tsakiyar Anna Creek, wurin kiwon shanun da yafi kowanne girma a duniya, sama da murabba'in kilomita 23,000, ya fi jihar Kano. Can ne aka bamu labarin da ya sa na daina ganin shirin madugu a matsayin tsoro. A Disamban 1998 wasu baƙi biyu 'yan ƙasar Ostiriya ta Turai suka bi wata ƴar hanya daga nan zuwa bakin tafkin, motarsu ta kafe a rairayi, ga zafin bazara, matar ta ɗauki ruwa ta kama hanya da ƙafa neman taimako, namijin ya koma wajen mota. Shi ya rayu, ita gawarta aka tsinta a hanya. Motar akwai ruwa a cikinta, kuma da aka zo iskar taya kawai aka rage ta fito. Shi yasa duk wanda ka haɗu dashi a dajin nan magana ɗaya zai maimaita maka, in mota ta lalace kar ka bar ta, daga sama mota ake hangowa ba mutum ba.

Washegari mu ma sai da muka ɗanɗana. Kafin mu kai gadar Algebuckina, tsohuwar gadar jirgi ta ƙarfe da ke kan kogin Neales, muka ji fam, tayar baya ta tsage ta gefe yadda ko mai faci ba zai iya mata komai ba. Muka sauka, ba sabis, ba inuwa, ba ko tsuntsu, tsakuwa ja iya ganinka da ƙarar iska. Jak ɗin ya dinga nutsewa a ƙasa sai da muka sa masa katako. Mun fi awa ɗaya ba abin da ya wuce, ina kwance a ƙasa ina kwance noti ƙura na shiga hancina, sai ga ƙurar mota daga nesa, wasu tsofaffi ne mata da miji, suka tsaya ba wanda ya tsayar dasu, matar ta leƙo tace kuna da ruwa? Bata tambayi daga ina muke ba, bata tafi ba sai da taga mun sauke jak.

A wannan awar ne na tuna mutanenmu. Oktoban 2013, mutum 92 aka tsinci gawarsu a saharar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga wajen Kance, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Rana iri ɗaya ce, ƙishi iri ɗaya ne, a garin Oodnadatta ma an taɓa auna zafi digiri 50.7 a watan Janairun 1960. Mu mun shiga don ganin ƙasa, da safaya biyu da na'ura a aljihu da mata a gida riƙe da takarda, ga jirgin likitoci da tun 1928 yake sauka a daji ya ɗauki mara lafiya. Su sun shiga neman abin da za su ci, ba wanda ya rubuta ranar fitowarsu. Na kasa cin abinci a daren nan, ɗan uwana ɗan Ghana ya gane, shi ma yana da ƙani da ya bi ta Agadas shekarun baya har yau ba labari, muka yi sallar isha muka daɗe muna addu'a madugu na gefe ya cire hularsa yayi shiru.

Daga Oodnadatta muka yanke zuwa Coober Pedy, garin masu haƙar wani dutse mai daraja da ake kira opal, inda mutane ke kwana a gidajen ƙarƙashin ƙasa saboda zafi, a nan muka hau kwalta, madugu ya kira matarsa tun kafin ya kashe mota.

Ina da roƙo. Duk wanda yake da tsoho a gida da ya taɓa bin ayari, ko ya san sunayen zangunan da ake yada wa tsakanin Agadas da Damagaram da Kano, dan Allah ya zauna dashi ya ɗauki muryarsa a waya ya turo min, don na kakana ban riƙe ko rabi ba. A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a. Wassalam.