Yadda na bi sawun zancen "sun sha miya" a ƙauyukan Mayo

A yammacin Ayalan har gobe akwai gidajen da ake yi wa gori cewa kakanninsu "sun sha miya", wato sun bar ɗariƙar Katolika sun koma ta Furotestan don a ba su abinci lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845. Cutar da ta ruɓar da dankalin Turawa ce ta jawo ta. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan suka tsallaka teku. Na yi aikin auna wannan gori da abin da ke rubuce a gundumar Mayo da ke yammacin ƙasar, kuma na ga bakin tsofaffi da takarda kowanne yana da inda yake tsayawa.

Zancen yana da tushe. Edward Nangle, wani limamin Furotestan, ya kafa mishan a Dugort cikin tsibirin Achill na gundumar Mayo a 1834, da makarantu, da jarida tasa. Da yunwa ta tsananta yara suka cika makarantun saboda ana ciyarwa. Babban bishop ɗin Katolika na Tuam mai kula da yankin, John MacHale, ya yi ta yaƙar mishan ɗin. Amma ba duk mai raba abinci ne ya sa sharaɗi ba. 'Yan Quaker, wata ƙungiyar Kirista, sun ciyar ba su tambayi addinin kowa ba, kuma a bazarar 1847 tukwanen gwamnati sun ciyar da mutum kusan miliyan uku. Don haka idan aka ce wane ya karɓi miya, tambayata ta farko ita ce a hannun wa, kuma a wace shekara.

Nakan fara da ƙidayar jama'a ta 1901 da ta 1911, waɗanda suke kyauta a intanet, domin kowanne mutum an rubuta addininsa. Daga nan nake komawa baya. Kada ka yarda da shekarun da ka gani. Za ka tarar da wanda ya ce 55 a 1901 ya zama 72 a 1911, saboda dokar fanshon tsofaffi ta 1908 ta sa sharaɗin shekara 70. Wannan fanshon ya yi mana rana ta wani gefen: wanda ba shi da takardar haihuwa akan duba masa ƙidayar 1841 ko 1851, kuma takardun neman sun tsira, alhali ainihin ƙidayoyin sun ƙone a gobarar ma'adanar takardu a Dublin a 1922.

Sai rajistar filaye guda biyu. Littattafan harajin coci na 1823 zuwa 1837 suna nuna masu riƙe da gonaki kafin yunwa. Ƙimantawar Griffith, wato lissafin darajar filaye da gidaje don haraji, wadda ta iso Mayo a tsakiyar shekarun 1850, tana nuna waɗanda suka rage. Nakan jera sunayen unguwa ɗaya daga littattafan biyu gefe da gefe. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a ɗauka duk sunan da ya ɓace mutuwa mai shi ya yi. Wani hijira ya yi, wani kuma dokar 1847 ce ta raba shi da gonarsa, domin ta hana agaji ga duk mai riƙe da fiye da kwatan eka. Kuma a yammacin ƙasar gidaje da yawa kan haɗu su yi hayar fili ɗaya da sunan mutum ɗaya. 'Yan ƙwadagon da yunwa ta fi ci ba su shiga littafin ba tun asali.

Rajistar baftisma ita ce inda zancen miya yake kamuwa ko ya kuɓuce. Ɗakin karatu na ƙasa ya sa hotunan rajistar Katolika a intanet a 2015. Abin da nake nema shi ne giɓi: ma'auratan da ake yi wa 'ya'yansu baftisma duk bayan shekara biyu, sai su ɗauke daga 1847, su sake ɓullowa a 1853. Wannan alama ce, ba hujja ba, domin yunwa kanta ta rage haihuwa, limamai kuma sun sha barin shafuka babu rubutu. Sai na sami sunan a rajistar cocin Furotestan ko jerin ɗaliban mishan nake cewa ya tabbata, kuma yawancin rajistar wancan cocin gobarar 1922 ta ci su. A kula da rubutun suna. Limaman Katolika sukan rubuta da Latin, James ya zama Jacobus, kuma "O" da "Mac" sukan faɗi daga sunan dangi. Wasu majami'un yamma ma ba su fara rajista ba sai bayan yunwar, ta mutuwa kuwa ba kasafai ake samu ba, tunda gwamnati ba ta fara rubuta haihuwa da mutuwa ba sai 1864.

Wajen hira da tsofaffi ban taɓa buɗe baki da maganar miya ba. Nakan tambayi kunyoyin dankalin da har yanzu ake ganin shacinsu a jikin tuddai, da kangwaye, da inda aka binne mutane ba akwati. Sauran zancen shi ke kawo kansa. Sau da yawa gorin yana kan maƙwabci ne, ba kan gidan mai magana ba, kuma idan ka bi sai ka tarar da rigimar iyaka a ƙarƙashinsa, musamman inda wani ya karɓi gonar da aka kori wani daga kanta. Akwai kuma cakuɗa shekaru: an sake yin yunwa a yamma a 1879, labarinta yakan shige cikin na farko. Nakan gwada abin da na ji da labaran da 'yan makaranta suka tattaro a 1937 da 1938, da amsoshin tambayoyin da hukumar adana al'adun gargajiya ta rarraba a 1945.

Da yawa daga waɗanda suka sauya ɗariƙa sun dawo Katolika da abinci ya samu, amma tabon ya bi jikoki. Shi ya sa ba na rubuta sunan gida sai da yardar zuriyarsa. Inda kuma na tabbatar uwa ta kai 'ya'yanta makarantar mishan a 1847, nakan rubuta yawan 'ya'yan da suka rayu kusa da wannan bayani.