Mun hau Dutsen Kufena

Ranar Asabar da sassafe muka shiga mota a tashar Kawo, ni da ƙanina, sai Zariya. Hanyar dai kowa ya santa, Rigachikun, Mararrabar Jos, Birnin Yero, Jaji, har muka sauka a Ɗan Magaji muka tari ɗan sahu ya kaimu Wusasa. Tun daga titi kake hango Kufena, gashi nan zaune baƙi ƙirin a yamma da birni, mutanen Kaduna kullum wuceshi muke a mota in zamu Kano amma da wuya kaji wanda yace ya taɓa hawa.

A Wusasa mun ɗan leƙa cocin St Bartholomew, ginin ƙasa ne irin namu na Hausa da mishan suka yi a 1929, kuma a garin Janar Yakubu Gowon ya tashi. Bamu daɗe ba muka nufi gindin dutsen.

Nan muka tarar da wani dattijo yana aiki a gonarsa, muka gaisa nace Baba ina ganuwar da ake faɗa, sai yayi murmushi yace ɗana ai a kanta kake tsaye. Wallahi sai da jikina yayi sanyi. Wani dogon tudu ne ciyawa ta rufeshi, ya miƙa ya tafi yana zagaye dutsen, in ba an nuna maka ba zaka ɗauka kunyar gona ce ta yi girma. Ya sunkuya ya tono mana tsingaron tukwane da yatsa, wani har da zanen ado a bakinsa, yace duk damina in ruwa ya wanke ƙasa haka suke fitowa.

Hawan akwai wuya gaskiya, dutsen sulɓi gareshi, wani wajen sai ka haɗa da hannu, kuma duk wanda zai je ya tafi da ruwa da takalmi mai kama ƙasa. A kan hanya muka riƙa ganin ramuka ƙanana a jikin falalen dutse, sumul, inda mata suke niƙa hatsi a da, na sa tafin hannuna a ciki ya zauna daidai.

Sai da muka kai sama na gane dalilin da yasa mutanen zamanin da suka zaɓi wurin nan. Komai a fili yake, ga birnin Zariya, ga Tudun Wada, ga gonaki har iya ganinka, mahayi ko ɗaya bazai taso ba sai an hango ƙurarsa tun daga nesa. Kuma dabarar ganuwar ba gidaje kawai ta kewaye ba, har da filin noma, saboda ko abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya mutane suna da abin ci, in abu ya ɓaci kuma a haye dutse. Wannan ai ilimi ne.

Tarihin da aka gada yace kafin nan mazaunin sarautar Zazzau a Turunku yake, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta yanzu, zamanin Bakwa Turunku wajen 1536 aka matso nan Kufena, sannan birni ya kafu ya ɗau sunan Zariya ƙanwar Amina. Ita kuwa Amina 'yar Bakwa ta san rana, duk inda ta yada zango sai ta yi ganuwa, shi yasa har yau ake cewa ganuwar Amina a garuruwa da yawa. Tarihin Kano yace shekara 34 tayi tana yaƙi har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata babanni 40 da goro 10,000, sai dai shi Tarihin Kanon ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438, su kuma Zazzagawa suna kawota bayan Bakwa, to har yanzu masana suna ta jan zancen. Daga baya jihadi yazo Malam Musa ya karɓi gari, Sarki Makau ya fita zuwa Zuba, zuriyar gidan su ne a Suleja yau.

Abinda ya dameni shine da muka sauko ta ɗaya gefen sai muka ga inda aka yashe ganuwar ana ɗibar ƙasar gini, gidaje kuma suna ta matsowa, kuma duk zagayen da mukayi ban ga allo ko ɗaya da zai faɗa wa yaro ɗan makaranta me yake kallo ba. Raina ya ɓaci sosai, ga jami'ar ABU nan kusa da sashen binciken kayan tarihi guda, ga masarauta, ga gwamnatin jiha, kewaye abinda ya rage da sa mai gadi ai bazai gagara ba. Mun yi la'asar a Wusasa muka kamo hanyar Kaduna, kuma mun tsaida magana da ƙanina in Allah ya kaimu bayan sallah Turunku zamu, inda ake cewa kabarin Bakwa yake.