Golf a Kan Busasshiyar Ƙasar Bauchi: Abin da Zangon Farko Ya Koya Mini

Sanduna uku kacal malaminmu ya yarda mu taɓa a makonni huɗun farko da muka fara koyon golf a jami'a a Bauchi: fota, wato sandar gangara ƙwallo cikin rami, da weji mai ɗaga ƙwallo a gajeren zango, sai ayon mai lamba 7. Doguwar sandar nan mai ƙaton kai da ake kira diraiba, wadda kusan kowa ya zo dominta, tana cikin jaka ko zare ta ba a yi. A bayan filin ƙwallon ƙafa muke haɗuwa bayan la'asar, sau biyu a mako. Na zaci ƙarancin kaya ne ya jawo haka, ashe lissafi ne. A fili mai ramuka 18, da wuya ka zare diraiba fiye da sau 14. Fota kuwa ko gwani ne zai yi bugu da ita kusan 30, sabon shiga ya haura 40. Daga bakin rami ake fara koyo, a riƙa ja da baya.

Doka ta yarda a ɗauki sanduna 14, ba a wuce nan. Wanda ya wuce, tarar bugu biyu ce a kowane ramin da ya buga da su, har zuwa bugu huɗu, wato a ƙara su a kan adadin bugunsa, alhali mai ƙarancin bugu ne ke cin wasa. Mai koyo bai buƙatar ko rabin haka. Abin da ya bambanta sandunan shi ne tsawo da kwanciyar fuska, wato gefen kan sandar da ke dukan ƙwallo. Fuskar diraiba ta kwanta wajen digiri 9 zuwa 12, ta ayon 7 tana tsakanin 30 da 34, wejin yashi 54 zuwa 56, fota kuwa 3 ko 4 ne kawai. Iya kwanciyar fuska, iya tashin ƙwallo da gajarcin tafiyarta. Idan gwanjo za ka saya, fara duba robar mariƙin. Wadda ta yi santsi tana sheƙi za ta sa ka damƙe sandar da ƙarfi, daga nan kuma kafaɗa ta sanƙare.

Mai bugu da dama, hannun hagu ne a sama, shi ake sa wa safa. Sandar tana kwanciya a gindin yatsu, ba a tsakiyar tafi ba. In ka dubi hannunka na hagu ka ga ƙullin yatsu biyu, kuma tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni tana kallon kafaɗar dama, riƙo ya yi. Ƙaramin yatsan dama ko dai ya hau kan manunin hagu, ko ya sarƙe da shi. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan sake, a sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe. Da ayon 7 ƙwallon tana kusan tsakiyar ƙafafu, da diraiba kuma daidai dugadugin hagu.

Inda na fi daɗewa ina shan wuya shi ne yarda da cewa ba a kwasar ƙwallo. Hankalin duk sabon shiga yana gaya masa ya cusa sandar ƙarƙashinta ya ɗago, kamar mai ɗiban hatsi da ludayi. Mai yin haka nauyinsa kan tsaya a ƙafar dama, sandar ta kai ƙarshen saukarta tun kafin ta iso ƙwallon. Daga nan abu biyu ne: ko ta daki ƙasa a baya ƙwallon ta yi taku goma ta tsaya, ko ta kama ƙwallon a ƙoƙon kai tana tasowa, ta tafi tana ja da ciki kamar gafiya. Ayon daga sama yake saukowa, ya fara samun ƙwallon, sannan ya karci ƙasa a gabanta. Ɗagawar aikin fuskar sandar ne.

A ƙasashen da ciyawa ke da laushi, ko ka ɗan daki baya sandar kan zame ta rufa maka asiri. A Bauchi, daga Nuwamba har ruwa ya sauka, ƙasa kamar daɓe take, ba ta yafe ko yatsa ɗaya. Malam ya ja mana layi a ƙasa da tsinke, ba ƙwallo, ya ce kowa ya yi lilo 20, kuma duk karta ta faro daga kan layin zuwa gaba. A ranar farko huɗu na samu. Sai da nake samun 15 aka ɗora mini ƙwallo a kan layin. Abin da ya gyara shi ne in gama lilo nauyina a ƙafar hagu, cibiya tana kallon inda na nufa, dugadugin dama ya tashi, in tsaya haka in ƙirga uku. Wanda ya kasa tsayuwar nan, ƙarfi ya sa fiye da kima.

Taurin ƙasar ya kuma canja mini zaɓin sanda a kusa da rami. Wejin yashi yana da tudu a gindinsa, an yi shi ne don ya zame cikin yashi kada ya nutse. A kan fako wannan tudun tsalle yake yi, bakin sandar ya sari ƙwallon a ciki, ta wuce ramin da gudu ta faɗa ɗaya gefen. In ba wani abu tsakaninka da ramin, ɗauki ayon 7 ko 8, matse ƙafafu, ƙwallon ta ɗan koma wajen ƙafar dama, kashi biyu cikin uku na nauyinka a hagu, wuyan hannu kada ya karye. Ta tashi kaɗan, ta gangara sauran. Sau da yawa ma fota ta fi, ko daga taku goma a wajen da'irar ramin.

Da aka zo kan diraiba, cutar kowa iri ɗaya ce: ƙwallon ta tashi kamar abin kirki, sai ta lanƙwashe dama ta shige daji. Dalilin shi ne fuskar sandar a buɗe take lokacin haɗuwa, kuma lilon ya zo daga waje ya yanko ciki. Kuskuren da muka riƙa yi shi ne ƙara juyawa hagu don mu rama, alhali hakan ƙara yankan yake yi. Maganin yana riƙo: juya hannun hagu har ka ga ƙulli uku, ka fara saukowa da ƙugu kafin hannu. A kafa ti, ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai a bugun farko, yadda rabin ƙwallon zai leƙo saman kan sandar.

Yawancin abin da ake gani a talabijin koriyar ciyawa ce a kewayen rami. A filaye da dama na Arewa yashi ne aka cakuɗa da baƙin mai aka baje, 'yan wasa suna ce masa birawun. Ƙwallo ba ta tsalle a kansa, tana sauka take lafawa, gangararta kuma ta fi nauyi, don haka fota na son bugu mai ƙwari. Akan share hanya tsakanin ƙwallo da rami da abin shara kafin a buga, amma yadda ake yi ya danganta da dokar kowane kulob, sai ka tambaya. Faɗin ramin dai ɗaya ne ko'ina a duniya, milimita 108, ƙwallon kuma ba ta gaza milimita 42.67. Atisayen da ya fi yi mini amfani shi ne jera ƙwallo shida a kewayen rami, kowace taku ɗaya daga bakinsa, in na ɓarar da ɗaya in sake daga farko.

Dokokin wasan hukumomi biyu ne ke riƙe da su, R&A da ke St Andrews a Sikotilan da USGA ta Amurka, kuma tun 1744 aka fara rubuta su a Edinbara. An yi musu babban garambawul a 2019, shi ya sa za ka ji wani dattijo na faɗin abin da ya riga ya canja. A da minti biyar ake neman ƙwallon da ta ɓata, yanzu uku ne. A da daga tsayin kafaɗa ake sakin ƙwallo in za a sauya mata wuri, yanzu daga gwiwa. An kuma yarda ka bar tuta cikin rami ka buga fota. In za ka gyara wa babba irin wannan, "Ranka ya daɗe, kamar an sauya wannan" ya ishe ka, kuma a bari sai an bar kan ramin.

Dokar da ta fi cin sababbi ita ce ta ɓatan ƙwallo da fita iyaka, wato bayan fararen turaku. Tarar bugu ɗaya ce, kuma ka koma inda ka buga. Ma'ana in bugunka na farko ya fita, wanda za ka sake shi ne na uku. Don gudun dogon komawa, da ka ga ta nufi daji sai ka faɗa a fili cewa za ka buga ta wucin gadi. In ba ka furta ba, sabuwar ce ta zama ƙwallonka ko da an ga ta farkon a tsakiyar fili. Jajayen turaku na rafi ne ko kwazazzabo: ko ka buga ta yadda take ba tara, ko ka ci bugu ɗaya ka sake ta cikin tsawon sanda biyu daga inda ta tsallaka, ba tare da ka matsa kusa da rami ba. In ka kai lilo da niyyar bugu ka sari iska, an ƙirga. In kuwa ta faɗo daga kan ti kafin ka kai bugu, mayar da ita, ba komai.

Akwai waɗanda sai a irin filayenmu suke tasowa. Kashin shanu, busasshen ganye da tsakuwa duk ana iya kawar da su, amma in ƙwallon ta motsa garin haka, tarar bugu ɗaya ce kuma a mayar da ita. Ramin da gafiya ko zomo ya tona, sassauci ne kyauta, wato ka ɗauke ƙwallon ka sake ta ba tara cikin tsawon sanda ɗaya. Maciji ko zuma a kusa da ƙwallo ma haka. Ƙaya kuwa ba ta cikin lissafi: in ƙwallonka ta shige gindin aduwa ko magarya, ko ka shiga ka buga, ko ka ce ba ta buguwa ka biya bugu ɗaya. Na gwada shigar sau ɗaya, bugu uku na yi a ciki ga riga ta yage. A ramin yashi kuma kada kan sanda ya taɓa yashi a gaba ko bayan ƙwallo kafin bugu, tarar biyu ce. Shi ne wuri ɗaya da ake dukan baya da gangan, wajen santimita biyar, yashin ya fito da ita.

Mutanen kulob za su jure wa wanda bai iya ba, amma ba sa jure wa mai ɓata lokaci. Daƙiƙa 40 aka so kowane bugu ya ɗauka, lilon gwaji ɗaya ya isa. Mutum huɗu su gama ramuka 18 cikin kimanin awa huɗu, don haka wanda ya fara bayan la'asar tara kawai zai samu kafin magariba. In ka ninka adadin bugun da aka ƙayyade wa rami, misali takwas a ramin bugu huɗu, kuma ba gasa ake ba, ɗauki ƙwallonka ku wuce. In na bayanku suna jira gabanku kuma ba kowa, ku koma gefe ku yafito su. Jaka a ajiye ta ɓangaren da za a fita zuwa rami na gaba, maki kuma a can ake rubutawa.

Idan wani ya tsaya kan ƙwallo, magana ta ƙare, motsi ma haka, waya kuma tun a mota ake rufe mata baki. Ka tsaya ta gefen da yake fuskanta, nesa da lilonsa, inuwarka kada ta faɗa kan ƙwallonsa ko hanyarta. Ba a taka tsakanin ƙwallon wani da rami, a kan birawun ma abin ya fi muni don sawu zama yake yi. Ƙwallon ba ta wuce giram 45.93, amma tana fasa kai. In taka ta nufi mutane, ka ɗaga murya ka ce "Fo!", kunya ba ta da wuri a nan. In kai ka ji, sunkuya ka rufe kai, kada ka waiga neman ta. Da damina, ana jin tsawa a bar fili, doka ma ta ba ka dama, kuma gindin bishiya ba mafaka ba ne ga mai riƙe da ƙarfe.

Tambayar abokin wasa "da wace sanda ka buga?" neman shawara ne, tarar bugu biyu. Tambayar nisa kuwa halas ce. Wanda za ka yi shawara da shi shi ne kadi, mai ɗaukar jaka. Ku daidaita kuɗinsa kafin a fara, in ya girme ka ka ce masa Baba ko Malam, in kuma ya miƙo maka ayon 8 kana son 7, karɓi 8 ɗin, ya san yadda ƙasar hunturu ke ƙara wa ƙwallo gudu. A hazo farar ƙwallo ɓacewa take a sama, shi zai bi maka ita da ido. Ƙurar kan sa mariƙi santsi, a wanke da sabulu da ruwa duk mako. Man kaɗanya na kaushin hannu kuma a bari sai dare.

A wasan yau da kullum ba alƙali, kowa shi ke ƙirga nasa, wani ya rubuta masa a kati. Sa wa ƙwallonka alama da biro mai kauri, domin buga ta wani tarar biyu ce. Kafin ka sa hannu a katin, bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Tara jimla aikin kwamiti ne, naka shi ne adadin kowane rami. In aka rubuta maka fiye da abin da ka buga ka sa hannu, haka zai zauna. In ƙasa da shi ne, an kore ka daga gasar. Katina na farko na ramuka tara 68 ya nuna, 24 daga ciki da fota na yi su.